Ankon da Lauya Ya Hana

Ku 'yan matan yanzu da kuke kallon ɗinki a waya wata biyu ku kama shago, na ji kuna cewa anko shi ne mafi sauƙi a sana'ar nan, wai a yanka guda ɗaya a kwafi saura. To ni shekarata talatin da ɗoriya ina ɗinkin anko a cikin gidan nan na Shamaki. Ban taɓa kama shago ba, ƙofar gida ma ban cika leƙawa ba, amma da wuya a sami unguwar da zarena bai shiga ba a Gombe. Bari in faɗa muku abin da anko yake. Mata arba'in za su kawo miki atamfa iri ɗaya, kowacce ta ce a yi mata daidai da na kowa, sannan washegari ta dawo ita kaɗai da hantsi ta rage murya ta ce, "Adda Hari, nawa dai ki ɗan bambanta shi." Aikinki shi ne in sun jeru a hoto a ga abu ɗaya, in kuma kowacce ta tsaya gaban madubi ta ga ta fi saura. Wadda ta iya wannan, a ba ta ƙaramar hukuma ma za ta riƙe.

A wurin Goggo Dudu na koya, ƙanwar babana, a Hammadu Kafi. Shekara guda cur ba ta bar ni na taɓa almakashi ba. Aikina hura gawayin dutsen guga, da sa maɓalli, da warware ɗinkin da ya karkace. Rigar farko da ta ba ni in yanka ta wata mai jego ce, ankon suna. Na auna ta daidai, na ɗinka daidai, matar ta sa ta kasa ɗaga hannu. Goggo ta ce, "Kin auna jikinta, ba ki auna abin da za ta yi a cikin rigar ba. Mai jego ɗaukar yaro take." Na warware ta sau uku. A ranar ne kuma ta faɗa min dokar ƙyalle, wadda har yau nake kai: duk abin da ya rage daga yadi, in ya fi tafin hannun tela faɗi, na mai kaya ne, a naɗe a mayar mata. In bai kai tafin hannu ba, na tela ne. Ba a zubarwa, ba a ƙonawa, buhu ake sawa.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙin keke mai feda, wanda ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Almakashi guda wanda ko takarda ba a yanka da shi, maigidana ma ya san hannunsa ba ya kaiwa nan. Tef a wuya. Guntun sabulun wanka da ya kusa ƙarewa, da shi nake zane a kan yadi, ya fi alli fita. Sai buhun ƙyallen nan, da kunne. Kunne ma kayan aiki ne. Mace in ta ɗaga hannu ana auna ta, bakinta buɗewa yake, kuma abin da ta faɗa a nan shi zai nuna miki rigar da take so, ba hoton da ta nuna miki ba.

Mutum ɗaya ne ba na son jin sallamarsa a lokacin, Malam Sale mai haraji. Duk shekara sai ya zo zaure da littafin rasit. Da na ji muryarsa sai in lulluɓe keken da zani in ɗora faranti a kai, ya zama tebur.

"Adda, ana ɗinki a gidan nan?"

"Ɗan na yara ne kawai, Malam."

"Yaran nan naki Allah ya raya su. Jiya na ga talatin sun fito da riga iri ɗaya, wasu har da goyo."

Sai in aika masa da kunun zaƙi, ya sha ya tafi. Haka muka yi shekaru.

Sai shekarar da bam ya riƙa tashi a tasha da bakin kasuwa. Ba sai na ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani. Abin da ya shafi sana'ata shi ne biki ya mutu. A ɗaura aure a masallaci da mutum goma, kowa ya kama gabansa, a kai amarya kafin la'asar. Wa zai tara mata arba'in wuri ɗaya? In mace ta zo da dogon hijabi ma sai a riƙa ja da baya. Na yi wata huɗu ina facin wandon makaranta da rage tsawon labule. Keken da ya saba da leshi ya koma cin kaki.

Ana cikin haka Hajiya Asabe ta shigo min da atamfa turmi arba'in da uku, koriya mai zanen tsuntsaye, duk iri ɗaya. Hajiya Asabe tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, da ta yi ritaya ta kafa ƙungiyar agaji. Akwai matan da suka gudo daga gabas da 'ya'yansu, yawancinsu ba maza, suka fake a wasu gidaje can bayan Gabukka, waɗanda wata hukuma ta fara ginawa ta bari ba ƙofa ba taga. Ƙungiyar Hajiya ce ke kai musu shinkafa da maganin yara, da kuɗin da wasu ke aiko mata daga ƙasar waje. Atamfar nan ma da kuɗin aka saya, don kowace mace ta sami riga da zani na fita. Ma'aikatan ƙungiyar kuwa tuni sun ɗinka tasu da irinta, sun yi hoto a shafinsu.

Matan suka riƙa zuwa awo uku uku a Keke Napep, don kada maƙwabta su tsorata. Babbarsu ita ce Ya Falmata, doguwa baƙa mai zane a fuska, wadda a garinsu take da rumfar banda har uku da mota mai kai kaya kudu. Ta iso Gombe da zani ɗaya da silifa wari daban daban. Ranar da na auna ta, ta murza atamfar da yatsa biyu ta ce, "Nawa aka ce wa Hajiya?" Na faɗa mata. Ta ce, "An ɗora mata. Amma a bar shi, kyauta ce."

Na gama awo ke nan, ban sa almakashi ba, aka liƙa musu takarda a bango: kwana ashirin da ɗaya su tashi, za a ci gaba da gini. Ginin da ciyawa ta yi shekara shida tana ci. Ga damina ta kusa. Ya Falmata ta zo tsakar gidana ta zauna a kan turmi ta ce shawara ɗaya ce: in yi sauri in ɗinka musu, su sa anko su arba'in da uku, su je su tsaya a ƙofar majalisa har Onarabul mai wakiltar wajen ya fito. Maƙwabciyata Maman Hanifa, mai sayar da turaren wuta a waya, tana nan tana jira in sa mata zif. Ta ce, "Ya Falmata, a wannan zamanin mata arba'in su tunkari ƙofar majalisa? Tun daga shingen farko za a kwantar da ku a ƙasa. Yanzu a waya ake zuwa majalisa. A yi muku hoto da ankonku, Hajiya ta sa a shafin ƙungiya, a kira sunan Onarabul a ƙasa." Hajiya Asabe ta ce haka za a yi, bari dai ta shaida wa lauyansu.

Washegari tun kafin in ɗora ruwan koko, lauyan ya iso. Barista Ishaya, ɗan siriri mai tabarau, mutumin Kaltungo. Da yake namiji ne sai ya tsaya a zaure, mu kuma ni da Hajiya Asabe da Ya Falmata muka zauna ta bayan labule.

Ya ce, "Mama, kin yanka?"

Na ce ban yanka ba.

"Mun gode wa Allah. Kada ki yanka."

Ya yi mana bayani, ni kuma ga yadda kunnena ya ɗauka. Ƙungiya tana da wata takarda da ta yafe mata haraji, an ba ta ne a kan aikinta agaji ne ba siyasa ba. Su ma masu aiko da kuɗi daga waje, ƙasarsu ta yafe musu haraji a kan sharaɗi, kuma akwai iyakar da aka yi musu wajen kamun ƙafar 'yan majalisa, balle shiga harkar zaɓe. Ga shi zaɓe saura makonni, Onarabul yana neman komawa. In aka ga mata arba'in da uku sanye da atamfar ƙungiya, a shafin ƙungiya, suna kiran sunan ɗan takara, to ko dai a ce ƙungiya na yi masa kamfen ko a ce tana yaƙarsa. Kowanne aka ce, takarda na iya tafiya. In takarda ta tafi, masu aiko da kuɗi za su janye, shinkafa da magani su tsaya.

Ya Falmata ta ce, "Ɗana, in tambaye ka. In an kore mu, ƙungiya za ta iya ba mu tabarma?"

"Za ta iya, Mama."

"Tanti fa?"

"Wannan ma aikinta ne."

"In ruwa ya doki yaranmu a tantin, za ta ba su magani?"

"Sosai."

"Amma ba za ta iya cewa kada a kore mu ba."

Barista ya yi gyaran murya. "Za ta iya faɗa wa duniya halin da kuke ciki. Wannan wayar da kai ne. Abin da nake tsoro shi ne ta nuna mutum ɗaya ta ce ya tashi ya yi kaza."

Ya Falmata ta ce, "Duniya ba ta da kujera a majalisa."

Ya ce akwai hanya. Kowace mace 'yar ƙasa ce, tana da ikon ta yi magana da wakilinta da bakinta. Kowacce ta yi hotonta ita kaɗai, ta riƙe takarda da maganarta, a sa a wayar wani wanda ba ma'aikacin ƙungiya ba, da katin da ba ƙungiya ta saya ba. Kuma ba anko. Kowacce ta sa kayanta.

"Wane kayan?" in ji Ya Falmata. "Wannan da ke jikina? Ina da surukai a Kano, ina da abokan ciniki har Onica. Ba zan shiga waya da tsumma ba. Gara a kore ni da mutuncina."

Hajiya Asabe ta ce to atamfar fa, an riga an saya, an rubuta a takarda cewa ta sutura ce. Ina jin Barista yana buga biro a gwiwa. Can ya ce tufatar da mabuƙaci agaji ne, babu mai hana wannan, kuma in riga ta zama ta mace, ta sa ta je inda take so. Sutura ba laifi. Kama da juna ne laifi. In Mama tela za ta iya ɗinka turmi arba'in da ukun nan yadda ba wanda zai ce daga dila ɗaya suka fito, to shi ba shi da magana.

Shekara talatin ina sa mata daban daban su zama ɗaya, yau an ce in sa atamfa ɗaya ta zama arba'in da uku. Na ce zan gwada. Kafin ya tafi na ce, "Barista, wanda aka yafe wa haraji an ɗaure masa baki ke nan. Wanda ya biya fa?"

Ya yi dariya. "Wannan ya yi ta surutu har ya gaji. Amma Mama, ke ko ba ki biya ba kina da ikon magana, ke mutum ce ba ƙungiya ba."

Na ji shi. Amma ni na san yadda ake yi da mutum in ba shi da takarda a hannu. Ranar na aika a kira min Malam Sale. Ya zo zaure yana mamaki, na yaye zanin da ke kan keke na taka feda don ya ji da kunnensa. Ya ce, "Ashe yaran sun girma." Ya rubuta min rasit, na soke shi da allura a bango saitin keke.

Yanzu ku ji aikin, ku masu cewa da sauƙi. Turmi goma na aika marina aka tsoma su a shuɗi, tsuntsayen suka nutse sai inuwarsu. Takwas aka yi musu ruwan ƙasa. Wasu na juya su bai-bai, cikin ya zama waje. Wasu na yanka a karkace yadda tsuntsun zai rabu biyu, fiffike a gaba wutsiya a baya. Na yi buba, na yi doguwar riga, na yi mai tattara, na yi mai aljihu, na yi wuyan da rabona da shi tun ina gidan Goggo. Wahalar ba a nan take ba. Hannu ne ke da taurin kai. Sai in kai riga ta biyar in ɗaga in ga hannuna ya koma ya yi wuyan ta huɗu ba da sanina ba, sai warwara. Duk da haka in ka jera su, koren nan yana leƙowa, suna kama da 'yan gida ɗaya da suka yi faɗa.

Sai na tuna da buhu. Na jawo shi tsakar gida na zazzage a kan tabarma: ƙyallen shekara talatin, leshi da shadda da atamfa da yadi, kowanne bai kai tafin hannu ba. Na ce kowacce ta zaɓi nata, in jera mata a wuya da bakin hannu da ƙirji. Matan nan da suka yi wata da watanni ba wanda ya tambaye su me suke so, suka zauna suna ture hannun juna a kan guntun ƙyalle. Ya Falmata ba ta yi sauri ba. Ta bari kowa ya gama, sannan ta tona can ƙasa ta tsinto guntayen wani leshi ruwan zinare guda bakwai. Ta ce, "Wannan ne kaɗai mai kuɗi a nan." Na jera mata su a ƙirji kamar sarƙa. Kwana tara na gama duka, ƙafata ta dama ta kumbura don feda.

Barista ya dawo duba aiki. Muka rataye rigunan a igiya daga zaure har bakin rijiya, ya bi su ɗaya ɗaya da tabaransa. Ya ce, "Mama, kin ci jarrabawa. Babu mahaluƙin da zai haɗa waɗannan da juna." Ni ma na yarda. A nan ne na yi kuskuren da bai kamata tela ta yi ba: na bari namiji ya duba min atamfa.

Maman Hanifa da wasu maƙwabta huɗu suka yi musu hoto a jikin bangon ɗakina, kowacce ita kaɗai, ta riƙe kwali a ƙirji da maganarta. Na Ya Falmata cewa yake, "Onarabul, ban roƙe ka gida ba. Ka ce a bar mu damina ta wuce." Aka sa a Fesbuk da rukunin Wasaf na masu turare da masu adashe. Ranar farko ba abin da aka samu sai "Allah sarki" guda goma sha. Kwana ashirin da ɗayan nan kuwa saura takwas.

Rana ta biyu wata ta rubuta a ƙarƙashin hoton wata mata, "Don Allah wuyan rigar nan ba ankon bikin 'yar gidan mai goro ba ne?" Wata ta ce a'a, na sunan jikarsa ne, na bikin ai ja ne. Ta uku ta ɗauko tsohon hoto daga akwati ta kafa hujja. Shi ke nan. Maman Hanifa ta riƙa shigowa tana karanta min, ina guga ina saurare. Matan Gombe suka bar girki suka hau buɗa hoto da yatsa biyu. Wannan ta ga ankon aurenta, auren ma ya mutu tuni. Waccan ta ga atamfar marigayiya mahaifiyarta a bakin hannun wata baƙuwa, ta ce a faɗa mata inda matar take ta kai mata abinci. Wasu biyu suka tayar da rigimar kuɗin ankon da ba a gama biya ba tun kafin a haifi 'ya'yansu. Kowa sai ta tura wa 'yar'uwarta ta ce duba ko namu yana ciki. Kuma da yake ƙyallen a wuya da ƙirji yake, kwalin kuma a nan aka riƙe shi, duk mai neman ƙyallenta sai ta karanta maganar ko ba ta so.

Barista ya dawo zaure yana share gumi. "Mama, duk gari ya san keke ɗaya ne ya ɗinka su."

Na ce, "Keke ƙungiya ne?"

Ya ce a'a.

"An yafe masa haraji?"

Ya ce bai sani ba. Na ce ya leƙo ya ga bango.

Rana ta huɗu aka gano leshin Ya Falmata. Na bikin babbar 'yar Onarabul ne. Matarsa ta sa aka yo mata shi musamman daga waje, ba a sayar wa kowa ba, sai wadda ta zaɓa ta ba. Ni na ɗinka, na manta. Wata baiwar Allah ta rubuta, "Ashe Hajiyar Onarabul ce ta tufatar da bayin Allahn nan a ɓoye, ba ta so a sani. Allah ya saka mata." Kafin azahar addu'a ta cika waya.

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiyar Onarabul ta shigo, turarenta ya riga ta. Shekara goma ina mata ɗinki, ban taɓa ganin ta ƙi zama ba sai ranar. Ya Falmata kuwa tana nan zaune a kan turmi, sanye da rigar, ta zo in rage mata hannu.

"Adda Hari, ashe satar yadi kike yi?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ga kujera." Na je na ɗora tafin hannuna a kan kowane guntu a ƙirjin Ya Falmata, ɗaya bayan ɗaya har bakwai, kowanne hannuna ya rufe shi. Na ce, "Abin da ya fi wannan na naɗe na ba direbanki tun a lokacin. Wannan na tela ne. Haka na gada."

"Ki sa a cire hoton. Kun san zaɓe ya zo kuke ja mana magana. Ƙungiyar nan ce ta sa ku, kuma zan sa a duba takardunta."

Na ce, "Ƙungiya ba ta cikin gidan nan, Hajiya. Lauyanta ma a zaure yake tsayawa. Ni ce na ɗinka, ni ce kuma nake roƙonki ki yi wa Onarabul magana, saura kwana biyar a fitar da su." Na nuna mata bango. "Kuma na biya."

Ta kalli rasit ɗin kamar ba ta gane abin da ya kawo shi cikin maganar ba. Ya Falmata ta shafa leshin ta ce, "Hajiya, kayanki mai kyau ne, kin iya zaɓe. Ni dai ba ni da wata rigar fita sai ita. In an fitar da mu, a cikinta zan zauna a bakin titi da jikokina. Wannan yarinyar mai turare kuma ba ta gajiya da hoto."

Maman Hanifa tana bakin rijiya, ta ɗaga waya ta ce, "Ina wuni, Hajiya."

Ana haka wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta duba, ta ga wadda ba a ƙin ɗauka, ta ɗauka. Muna jin muryar daga inda muke, wata babbar mace tana ta sa mata albarka. Hajiya ta saurara, ta kalli Ya Falmata, ta kalle ni, sannan ta ce a hankali, "Ai ba komai, ranki ya daɗe. Don Allah aka yi." Da ta kashe sai ta ja kujerar ta zauna. Na kawo mata ruwa.

Bayan kwana uku Onarabul ya miƙe a majalisa ya yi magana a kan matan da ya ce sun daɗe a ransa shi da iyalinsa. Aka cire takardar daga bango. Damina biyu suka yi a gidajen nan, har hanya ta buɗe yawancinsu suka koma. Ƙungiya ta tsira da takardarta, a rahotonta ta rubuta cewa ta tufatar da mata arba'in da uku, kuma gaskiya ne, ba ta ce uffan ga kowa ba. Wata ƙungiyar mata ta ba Hajiyar Onarabul allon yabo, na ji yana falonta. Ni abin da na samu shi ne Malam Sale, wanda yanzu ba ya tambaya ko ana ɗinki, kuma har yau yana shan kunun.

Da lafiya ta samu biki ya dawo, Hajiyar Onarabul ta tashi aurar da 'yarta ta biyu, kuma ni ta kawo wa, don duk Gombe ba mai yi mata kafaɗa yadda take so. Ta ajiye leshin, wannan karon ruwan azurfa, ta ce, "Adda Hari, duk abin da ya rage, ko zare ne, ki mayar min."

Na ce dokar Goggo tana nan, abin da bai kai tafin hannu ba na tela ne.

Ta buɗe nata hannun, ɗan ƙarami mai lalle, ta kalla. Ta kalli nawa da shekara talatin na almakashi suka baje. Ta ce, "Da wane hannun ake aunawa?"

Na ce na tela.

Suna nan a buhu, guda tara.